Yadda Ake Rubuta Ci-gaban Fim Na Barkwanci Mai Komawa Zamanin Baya

Idan fim ɗin jami'an asiri biyu ya karɓu ga 'yan kallo, abu na farko da furodusa zai nema daga marubuci shi ne kashi na gaba, kuma a nan ne wahalar take, domin abin da ya sa mutane dariya a karon farko ya riga ya ƙare. An ga yadda mutanen biyu suka haɗu, an ga yadda sabon shiga ya riƙa buɗe baki yana mamakin abubuwan da tsohon hannu ya ɗauka ba komai ba, an kuma ga ranar da suka fara yarda da juna. Wanda ya sake jera waɗannan abubuwa da sabon mugu kawai, ɗumame ya kawo wa mutane, kuma za su gane tun daga loma ta farko. Ɗaya daga cikin hanyoyin fita ita ce a ɗauki ɗaya daga cikin abokan aikin a jefa shi zamanin da ɗan'uwansa yake matashi. Wannan jagora na marubutan Sakkwato ne masu son gwada wannan hanya, ko a fim mai tsawo ko a shiri mai dogon zango na YouTube.

Misalin da ya fi dacewa a yi nazari a kansa shi ne Men in Black 3, wanda ya fito a watan Mayun 2012 ƙarƙashin umarnin Barry Sonnenfeld, shekara 10 bayan kashi na biyu na 2002, shekara 15 kuma bayan na farko na 1997. Will Smith ne jami'i J, Tommy Lee Jones kuma jami'i K, ma'aikatan wata hukumar ɓoye da ke sa ido a kan baƙin halittun da suka zo daga wasu duniyoyi suka zauna a Amurka. Wani mugu mai suna Boris, wanda K ya harbe masa hannu ya kama shi a 1969, ya tsere daga kurkukun da ke kan wata, ya koma wancan zamani ya kashe K tun yana saurayi. J ya wayi gari ya tarar kowa a ofis yana cewa K ya rasu fiye da shekara 40 da suka wuce, sai ya bi sawu zuwa 1969, inda ya tarar da K matashi, wanda Josh Brolin ya fito a matsayinsa. Ba don a kwafe shi aka kawo shi nan ba. Baƙar kwat da baƙin tabarau da sunayen haruffa duk mallakar masu fim ɗin ne, kuma wankiya ba ta taɓa ƙara wa marubuci daraja ba. Abin koyo shi ne yadda aka ɗaure labarin.

Fara da tambayar da kashi na farko ya bari

Kafin ka yi tunanin na'urar tafiya ko siffar mugu, ka koma ka kalli kashi na farko da takarda a hannu, kana neman ɗabi'a ɗaya ta babban jami'in wadda aka yi ta dariya a kanta ba tare da an taɓa faɗin dalilinta ba. A wancan fim na Amurka, ɗabi'ar ita ce shirun K da ɗaurewar fuskarsa. Fim biyu aka yi ana wasa da wannan, sai na uku ya juya wasan ya zama tambaya: me ya same shi har ya zama haka? J ya tarar da K na 1969 yana murmushi, yana hira, har yana da wadda yake so a ofis, don haka duk minti ɗin da ɗan kallo ya yi tare da wannan saurayi yana jiran ya ga abin da zai rufe masa baki. A ƙarshe aka nuna cewa kanar ɗin sojan da ya taimake su ya rasa ransa a gaban K, kuma ƙaramin yaron da ya fito daga mota yana tambayar mahaifinsa shi ne J kansa. Wannan ne ƙashin bayan fim ɗin, sauran abubuwan duk ado ne.

A ce jaruman naka biyu ma'aikatan wata hukumar ɓoye ne mai ofis a bayan wani shagon dukanci a cikin garin Sakkwato, mu kira su babba da ƙarami. A ce kuma tun kashi na farko babba ba ya taɓa tuƙa mota, kullum sai dai ya miƙa wa ƙarami makulli, ko ana cikin gudun ceton rai, har wannan ya zama abin da 'yan kallo suke jira su gani. To, ka samu tambayarka. Idan ka bincika ba ka sami irin wannan ɗabi'a a kashi na farko ba, shawarata ita ce ka ajiye batun komawa baya gaba ɗaya ka nemi wata dabara, domin tafiyar da ba ta amsa komai game da mutanen biyu yawon buɗe ido ce, kuma ba ta riƙe ɗan kallo fiye da minti ashirin.

Zaɓen shekara da zaɓen rana

Shekarar da za a koma lissafi ne yake fitar da ita, ba sha'awa ba. Tsakanin 1969 da 2012 akwai shekara 43, kuma fim ɗin ya ce K yana da shekara 29 a lokacin. Idan babban jami'inka yana da shekara 65 a farkon labari, kana kuma son a gan shi yana ɗan 25, to shekara 40 za ka koma, ba ƙari. Marubuta da yawa suna kwaɗayin kai jarumi zamanin Shehu Usmanu ko ranar da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Wannan kuskure ne ta fuska biyu: abokin aikin ba a haife shi ba a lokacin, sannan waɗannan zamuna ne da mutanen garin nan ba za su lamunci a yi barkwanci a cikinsu ba, kuma suna da gaskiya.

Bayan shekara, sai a nemi rana guda wadda tarihi ya riga ya kafa, wadda babu mai iya matsar da ita. Masu Men in Black 3 sun ɗaure labarinsu da 16 ga Yulin 1969, ranar da aka harba kumbon Apollo 11 daga jihar Fulorida zuwa wata. Sun ce dole a liƙa wata garkuwa a jikin kumbon kafin ya tashi, in ba haka ba duniya za ta kasance a buɗe ga mahara, sannan suka sauke J kwana ɗaya kafin ranar. Amfanin wannan shi ne agogo yana tafiya ba tare da marubuci ya ƙirƙiri wani wa'adi na ƙarya ba.

Ga marubucin Sakkwato, akwai rana mai kyau ƙwarai: Lahadi, 2 ga Afrilun 1972, ranar da Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma hannun dama. Idan ka ajiye farkon labarinka a 2012, lissafin shekara 40 ya fita daidai. Rana ce da kowane direba da mai keke yake cikin ruɗu, rana ce da mugu zai iya ɓoye aika-aikarsa a cikin abin da kowa zai ɗauka hatsarin hanya ne, sannan ita ce za ta bayyana dalilin da ya sa babba bai sake riƙe sitiyari ba: shi ne yake tuƙi a ranar, hannunsa ya koma tsohon gefen da ya saba a daidai lokacin da bai kamata ba, kuma abokin aikinsa na farko bai fito daga motar da rai ba. Ka lura cewa ranar da kanta abin dariya ce, amma abin da ke ƙarƙashinta ba na dariya ba ne, kuma irin wannan haɗi ne ake nema. Ƙari a kan haka, Afrilu tsakiyar bazara ce a Sakkwato, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, don haka duk wanda ya sauka a garin cikin kwat da laktaye ya riga ya kawo nasa abin dariyar.

Binciken Sakkwaton 1972

Nan ne ya kamata ka ɓata mafi yawan lokacinka, domin waɗanda suka rayu a wannan zamani suna nan da ransu, kuma za su kalli fim ɗin tare da jikokinsu. A 1972 babu Jihar Sakkwato, sai a 1976 aka kafa ta. Garin hedikwatar Jihar Arewa Maso Yamma ne, wadda gwamnatin Yakubu Gowon ta ƙirƙira a 1967, gwamnanta kuma Usman Faruk. Sarkin Musulmi shi ne Abubakar na Uku, wanda ya hau gadon sarauta a 1938 ya rasu a 1988. Birnin Kebbi da Gusau duk ƙasa ɗaya ce da Sakkwato, tun da Kebbi sai a 1991 ta samu jiha, Zamfara kuma a 1996. Babban birnin tarayya Legas ne. Babu jami'a a garin, domin a 1975 aka kafa ta, sunan Usmanu Ɗanfodiyo kuma daga baya aka sa mata, a 1988. Yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, a Janairun 1970, saboda haka tsohon soja da ya dawo gida mutum ne da ya dace a gani a kasuwa ko a tasha. Kamfanin siminti na Kalambaina yana aiki. Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Sakkwato ba, layin dogo a Ƙaura Namoda ya tsaya, don haka kada ka sa jarumi ya sauka a tashar jirgi a cikin gari. Labarai kuwa daga Rediyon Kaduna da sashen Hausa na BBC ake jin su, masu karatu kuma suna da Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Abin da zai fi yi maka amfani a barkwanci shi ne kuɗi. Naira da kwabonta na yanzu sai a Janairun 1973 suka fara aiki. A Afrilun 1972 da fam da sule ake ciniki: kwabo 12 ne sule ɗaya, sule 20 kuma fam ɗaya, ga sisi mai kwabo shida da taro mai kwabo uku. Ƙaramin jami'in da ya taso da naira ba zai iya wannan lissafi a tsaye ba, kuma kowace mai fura za ta gane baƙo ne. Ga yadda za a iya gina fitowa guda a kan wannan. Ƙarami ya sauka da ƙishirwa, ya tsaya wurin wani dattijo mai goro a kasuwa ya tambayi ruwa, aka ba shi, ya ɗauki goro biyu don kada ya tafi haka nan, ya laluba aljihu ya miƙa takardar naira 200. Dattijon ya karɓa ya juya ta, ya ɗaga ta sama ya duba da hasken rana, ya ce: "Wagga takarda ta wace ƙasa ta, yaro? Ina kas samo ta?" Ƙarami ya fara inda-inda, 'yan kallo suna dariya. Sai dattijon ya ƙura wa hoton ido, ya yi shiru, ya ce a hankali: "Wanga ai Sardauna na. Allah shi jiƙan Gamji." Hoton Ahmadu Bello ne a kan naira 200, kuma a 1972 shekara shida ke nan kacal da kashe shi, ranar 15 ga Janairun 1966. Kafin ƙarami ya ankara mutane sun kewaye rumfar, kowa yana son ya taɓa takardar, wani yana tayin sayenta da fam guda, shi kuwa aikinsa na asiri ne, ba a son kowa ya san da zuwansa. Fitowar ta ba da dariya, ta taɓa zuciya, ta kuma jefa jarumi cikin matsalar da za ta kai shi hannun babba matashi, wanda aka aiko ya binciki taron. Duk fitowar da ka rubuta, ka auna ta da wannan: shin ta tura labarin gaba, ko dariya kawai ta bayar ta tsaya?

Wayar salula ba ta cancanci fiye da layi ɗaya ba. Kowa ya san sai a 2001 ta fara yaɗuwa a ƙasar nan, kuma kowa ya riga ya hango wasan neman sabis tun kafin a yi shi.

Don tabbatar da bayanai, Gidan Tarihi na Waziri Junaidu yana nan a cikin gari, akwai kuma sashen tarihi na jami'a. Amma abin da takarda ba za ta ba ka ba, irin farashin kwanon tuwo, da inda motocin Gusau suke lodi, da yadda unguwannin Ƙofar Rini da Ƙofar Marke suke kafin gari ya faɗaɗa, wurin tsofaffin direbobi da 'yan kasuwa za ka same shi. Ka je da goronka, ka zauna, ka bar su su yi ta zance, kuma kada ka rubuta abin da mutum ɗaya kaɗai ya faɗa sai wani ya gaskata shi. Sarki da gwamna da sauran mutanen da aka sani, a ambace su a baki kawai idan ta kama, kada a sa ɗan wasa ya fito a matsayinsu. Fim ɗin Amurka ya mai da shahararren mai zane Andy Warhol jami'in asiri don wasa, kuma ya wuce lafiya a can, amma a nan iyalan mutanen suna raye kuma ba haka al'adar take ba.

Doka ɗaya ta tafiya, da batun ƙaddara

Ka rubuta dokar tafiyarka a jimla biyu ko uku ka liƙa a bango, kada kuma ka karya ta. Wa yake iya tafiya, da me, sau nawa, me kuma yake biya? A Men in Black 3 sai mutum ya faɗo daga wuri mai tsawo na'urar take aiki, shi ya sa J ya yi tsalle daga saman benen Chrysler a birnin Niyok. Wannan doka ce mai kyau domin tana da tsada, ba wanda zai yi ta don nishaɗi. Sai dai a faɗan ƙarshe an bar J ya koma baya da ɗan lokaci kaɗan don ya kauce wa harbin Boris, kuma a ganina nan ne fim ɗin ya yi rauni, domin mai hankali zai tambaya me ya hana a yi haka a ceci kanar ɗin. Idan na'urarka tana iya gyara kowane kuskure, to babu sauran abin tsoro a labarin. Mafi sauƙi shi ne ka ce tafiya ɗaya ce da dawowa ɗaya.

Sannan akwai abin da marubucin Amurka bai damu da shi ba amma kai dole ka damu: 'yan kallonka Musulmi ne da suka yi imani da ƙaddara, kuma labarin da ya nuna mutum ya koma ya hana mutuwar wanda kwanansa ya ƙare zai gamu da suka tun kafin a kalle shi. Maganin wannan yana cikin ginin labarin, ba a cikin wa'azin da za a cusa a bakin wani ɗan wasa ba. Ka gina shi yadda zuwan ƙarami 1972 zai kasance tun asali yana cikin abin da ya faru. Mugu ne yake ƙoƙarin sauya abin da ya wuce, kuma bai yi nasara ba. Ƙarami ya je da niyyar hana hatsarin, ya yi iya ƙoƙarinsa, hatsarin ya auku duk da haka, abin da kawai ya iya shi ne jawo direban daga cikin motar, kuma daga baya ya gane cewa baƙon da babba yake yawan cewa ya taɓa cetonsa shi ne da kansa. Da haka babu abin da ya canza a tarihi, abin da ya canza shi ne sanin da ƙarami ya yi wa abokin aikinsa. Wannan tsari ya fi ƙarfi ko ta fuskar fasaha, domin yana sa ɗan kallo ya koma ya sake kallon kashi na farko da sabon ido.

Haka kuma ka kiyaye kada kimiyyar labarin ta rikiɗe ta zama tsafi. Idan baƙon halitta ya ɓace ya bayyana ba dalili, ɗan kallo zai ce aljani ne, idan na'ura ta yi aiki da an karanta wasu kalmomi, zai ce boka ne ya ba da ita, daga nan kuma ka fita daga irin fim ɗin da ka yi niyya. Na'urar kimiyya tana da batir, tana zafi, tana lalacewa, kuma mai gyaran rediyo na 1972 zai iya buɗe ta ya ce bai taɓa ganin irin wannan haɗi ba. Baƙon halitta kuma yana da garinsu, da takardar izinin zama, da abincin da ba ya jituwa da cikinsa.

Mutanen biyu idan girma ya juya

Wannan ne wurin da marubucin Hausa ya fi na Amurka abin aiki. J yana yi wa K tsiya kai tsaye, ba wata kunya a tsakaninsu. A nan kuwa ƙarami ya shekara goma yana rusuna wa babba, ba ya kiran sunansa, ba ya zama kafin ya zauna. Yanzu ga shi ɗan shekara 35 a gaban saurayi ɗan 25 wanda shi ne maigidan nasa. Jikinsa ba zai yarda da abin da idonsa yake gani ba. Yana ganinsa zai cire takalmi ya durƙusa ya ce: "Ranka shi daɗe, an wuni lahiya?" Saurayin zai ja da baya a firgice, ya waiga ko akwai wani basarake a bayansa, sannan shi ma ya durƙusa ya ce: "Malam, don Allah tashi, ai ka girme ni." Sai a bar su duka biyu a durƙushe a tsakiyar hanya, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara miƙewa, mai jaki yana neman wurin wucewa. Wannan wasa zai iya ɗaukar fim ɗin gaba ɗaya idan ana sauya masa fuska: wa zai fara sa hannu a akushi, wa zai ɗauki jaka, wa zai shiga gaba a sallah. Sannan a hankali ƙarami ya saki jiki har ya fara yi wa saurayin faɗa irin na wa da ƙane, ta yadda idan ya dawo 2012 ya ga dattijon, gaisuwar da zai yi masa ba za ta zama irin ta da ba.

Kada ka mai da babba matashi kishiyar babba dattijo ta kowace fuska. A bar masa abu biyu ko uku da za a gane shi da su, kamar yadda yake karya hula, ko yadda yake jan carbi idan yana tunani, ko kalmar da yake fara magana da ita. Abin da aka fi yaba wa Josh Brolin shi ne yadda ya ɗauko muryar Tommy Lee Jones da salon maganarsa, ba kamannin fuska ba. Don haka wajen zaɓen ɗan wasa, ka sa masu neman aikin su saurari dattijon, sannan ka juya baya ka ji wanda ya fi kama da shi a kunne. Harshe ma haka: mutanen 1972 su yi Sakkwatanci tsantsa, ƙarami kuma ya zo da Hausar matasan yau mai gauraye da Turanci, a bar ɗan kallo ya ji bambancin da kansa ba tare da wani ya tsaya yana fassara ba.

Mugu ba ya buƙatar dogon tarihi. Ya isa a san abin da aka yi masa, da ranar da yake hari, da dalilin da ya sa ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne mutum na uku wanda ya san abin da zai faru amma ba zai faɗa duka ba. A fim ɗin Amurka wannan shi ne Griffin, baƙon halitta mai ganin hanyoyi daban-daban da gobe za ta iya bi. Kai ka yi hattara a nan, domin sanin gaibu ba abin da za a ba halitta ba ne a gaban 'yan kallonka. Ka ba wannan matsayi ga wani matafiyi da ya riga ƙarami zuwa daga gaba ya maƙale a 1972 yana sana'a, wanda saninsa na tarihi ne da ya karanta, ba na duba ba.

Kafin a ɗora kyamara

Kada ka yarda a fara ɗauka sai rubutun ya kammala har fitowar ƙarshe. An fara ɗaukar Men in Black 3 a ƙarshen 2010 alhali ba a gama rubuta tsakiya da ƙarshen labarin ba, aka dakata na wasu watanni ana gyara, aka ci gaba a 2011, kuɗin da aka kashe kuma ya haura dala miliyan 200. Sun mayar da kuɗinsu domin fim ɗin ya tara fiye da dala miliyan 600 a duniya, amma furodusan da ya sayar da fili ya ba ka jari ba shi da wannan ƙarfi. Labarin komawa baya ya fi kowane iri buƙatar a san ƙarshensa tun farko, domin abubuwan da za a warware a ƙarshe dole a shuka su a minti goma na farko.

Ka rubuta da sanin abin da lokeshan zai iya bayarwa. Cikin garin Sakkwato na yau cike yake da kabu-kabu da Keke Napep da eriyar waya da allunan talla, saboda haka fitowar 1972 a tsofaffin unguwanni masu ginin ƙasa ko a ƙauyukan kewaye za a ɗauke ta, kuma a sa mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai tsince leda da butar roba da kujerar roba da robar ruwan sha daga gaban kyamara. Mota ɗaya tak ta wancan zamani ta isa, amma ta kasance mai sitiyari a dama, irin wadda ake tuƙawa a hannun hagu, domin a kanta labarin ya rataya. Sauran abin hawa kekuna ne da jakuna da raƙuma, waɗanda samunsu ba wuya. Idan ba a sami motar ba, gara a sake rubuta fitowar yadda za a ji hatsarin ba tare da an gan shi ba, da a kawo motar da aka haɗa a Kaduna, tun da kamfanin Peugeot na can sai a 1975 ya fara aiki.

Idan rubutun ya kammala, ka karanta shi da baki a gaban mutum iri biyu, a zama daban-daban. Na farko matashin da bai kalli kashi na farko ba: idan an kai shafi na goma sha biyar, ka tsaya ka tambaye shi su waye mutanen nan biyu, me ya sa ɗaya zai sayar da ransa don ɗayan, kuma mece ce dokar tafiyar. Duk abin da ya kasa amsawa, gyaransa a shafukan farko yake, ba a ƙarshe ba. Na biyu dattijon da ya mallaki hankalinsa a 1972, zai fi kyau a sami wanda ya yi tuƙi a lokacin. Ka karanta masa fitowar kasuwa da ta hanya kaɗai, ka riƙe biro, duk inda ya girgiza kai ka sa alama, ka tambaye shi yadda abin yake, ka gyara a wurin kafin ka miƙa wa darakta.